Rigakafin jarirai: sabuwar allura, da kwanakin da ke sauyawa idan an ƙetare iyaka

Ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sanya allurar zazzaɓin cizon sauro cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, bayan gwajin da aka soma a Ghana da Kenya da Malawi tun 2019. Nijar da Chadi da Najeriya sun biyo baya kafin shekarar ta ƙare.

Tsohon jadawalin kusan iri ɗaya ne a yankin. Ranar haihuwa a yi wa jariri BCG ta tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna. A mako na 6 da na 10 da na 14 sai allurar Penta, mai kare cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. A wata na 9 kuma ƙyanda da shawara. Uwar da ta soma a Garwa za ta iya ƙarasawa a Mubi ba tare da ruɗani ba.

Sabuwar allurar ba haka take ba. Sau huɗu ake yin ta, kuma kowace ƙasa da lissafinta: Kamaru ta tsara wata na 6 da 7 da 9 da 24, Najeriya kuwa 5 da 6 da 7 da 15. Ba kuma a dukkan gundumomi aka fara ba. Kamaru da 42 ta soma, Najeriya da jihohin Kebbi da Bayelsa.

Nan ne abin ya shafe mu. Iyalan fatake da matan da ke zuwa wankan jego gidan iyayensu a ƙetaren iyaka na iya tsallake allura. Ga kati da Faransanci, ga ma'aikaciyar asibiti mai karatun Turanci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: yaron da ya makara ba a sake masa daga farko, a ci gaba ne daga inda ya tsaya. Amma sai da kati a hannu ake sanin inda ya tsaya, shi ya sa bai kamata a bar shi cikin akwati a gida ba in za a yi tafiya.

Allurar ba ta maye gurbin gidan sauro ba, domin kariyarta ba cikakkiya ba ce. Alfanunta na gefe, a ganinmu, shi ne tana dawo da uwa asibiti a tsakanin mako na 14 da wata na 9, tazarar da yara da dama ke ɓacewa a cikinta kafin allurar ƙyanda.