Katin magani ya bi makiyayi duk inda garke ya nufa

A taronmu da ya wuce an yi gardama mai zafi a kan kuɗin magani. Wasu sun ce kowa ya yanki inshorar kamfani, wadda 'yan birni ke ce wa asurans. Wasu sun ce a yi asusu ɗaya na ƙasa da zai rufe kowa. Ni ina bayan na biyu, ga dalilina.

Kamfani ɗan kasuwa ne, riba yake nema, kuma ban ga laifinsa ba. Amma mai albashi yake so, wanda za a yanke wa kuɗi kowane wata, yana zaune kusa da asibitin da suka yi yarjejeniya da shi a Yamai ko Maraɗi. To mu fa? Da damina muna arewa wajen Abalak da Ingal, da rani mun gangaro kudu. Kuɗinmu yana tafiya da ƙafa huɗu. Bara ƙanena ya sayar da karsana a bazara, lokacin da dabba ta rame ba ta da daraja, don a yi wa matarsa aiki. Dillalin ma sai da ya tausaya masa.

A nan Nijar, tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne. Abin ya taimaka, kada mu yi butulci. Matsalar ita ce kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita ya riƙa makara, sai ka je a rubuta maka takarda a ce ka sayo a waje.

Waɗanda ke kai shanu Kumasi sun san tsarin Gana. A 2003 suka kafa inshorar ƙasa, ana zuba mata wani kaso na harajin saye da sayarwa. Da farko kowace gunduma da asusunta, a 2012 aka haɗe su wuri ɗaya. Su ma suna kukan jinkirin biya, amma katin yana aiki daga arewa har bakin teku. Wannan shi ne abin da ya dace da mai yawo.

Saura yadda za a karɓi kuɗin. A karɓa sau ɗaya a shekara, da kaka, sa'ad da dabba ta yi ƙiba, a kasuwar dabbobi ko wurin allurar shanu. A Cadi, daga 2000 an gwada haɗa allurar yara da ta shanu a rana ɗaya, kuma mata sun fito da 'ya'yansu.

Mu da muka gaji habbanaye, inda mai garke ke ara wa marar shi karsana har ta haihu, ba sai an koya mana tara kuɗi don wani ya warke ba. Ardo-ardo su kawo ra'ayin mutanensu taro mai zuwa, a rubuta, mu kai wa hukuma.