Mai Gida, Rubuta Tun Shaidu Suna Da Rai

Ni malamin tsabta ne, gidana yana Ƙofar Na'isa cikin birnin Kano, kuma da wuya mako ya wuce ban saukad da baƙo daga ƙauye ba. Wani asibiti ne ya kawo shi, wani kotu, wani makarantar ɗansa. Abin da na daɗe ina lura da shi kuwa, yawancin wahalar da baƙin nan su ke sha a kan takarda guda ce, wadda da sun neme ta a kan kari, da sun same ta cikin sauƙi.

Ƙofar nan tamu tana jikin ganuwa, tsakanin Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Gadon Ƙaya. A zamanin da, in dare ya yi a kan rufe ta, kuma Sarkin Ƙofa ya san wanda ya shigo, ya san wanda ya fita. To, kai ma sarkin ƙofar gidanka ne. Mutum ya kan shigo gidanka ta haihuwa ko ta aure, ya kan fita ta mutuwa ko ta saki. Shawarata gare ka ita ce, duk ran da ɗayan abubuwan nan huɗu ya auku, ka sa a rubuta a littafin hukuma, ka karɓi takarda, ka adana.

TAKARDAR HAIHUWA

Wata rana wani manomi, abokin arzikina, ya zo mini da ɗansa, yaro mai ƙwazo, wanda za shi rubuta jarrabawar shiga jami'a. Tun shekarar 2021 ba a karɓar sunan yaro a jarrabawar nan sai da lambar katin ɗan ƙasa, masu ba da lambar kuwa su kan tambayi ranar haihuwa. Na ce da uban, "Yaushe aka haife shi?" Ya ce, "Da kaka ne, ana yankan gero, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta." Takardar firamare ta faɗi shekara guda, ta sakandare ta faɗi wata, sunan ma a nan an rubuta shi da sunan uba, a can da sunan ƙauye. Kwana tara mutumin nan ya yi a gidana yana zirga-zirga tsakanin kotu da ofis, ya bar amfanin gonarsa a fili, ya kashe kuɗin buhun masara a mota da rantsuwa.

Haka iyayenmu su ke lissafi: shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956, ko shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, watau 1973, ko shekarar sanƙarau, watau 1996. Lissafin nan ya ishe su a zamaninsu, domin duk wanda za su yi hulɗa da shi ya san su, ya san iyayensu. Ɗanka kuwa za shi wurin da ba wanda ya san rijiyar masallacinku.

Tun shekarar 1992 akwai doka a ƙasar nan wadda ta wajabta rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa. An danƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ta ke da ofis a Kano da malaman rajista a ƙananan hukumomi, yawancinsu a asibitoci da ɗakunan shan magani su ke zama. Dokar ta ba ka kwana 60 daga ranar haihuwa, kuma rubuta jariri a cikin kwanakin nan kyauta ne. Kwana 60 ya ɗara kwanakin wankan jego, saboda haka ko mai jego ba ta fita ba, kai kana iya zuwa bayan suna, in kuwa ka makara, ranar da ta yi arba'in ku tafi tare.

Kada ka ɗauka katin awo ko katin rigakafi shi ne takardar haihuwa. Waɗannan na asibiti ne, suna da nasu amfani, kuma su ne za ka nuna wa malamin rajista don ya ga ranar. Takardar haihuwa ta ainihi ita ce mai ɗauke da sunan Hukumar Ƙidaya. Wanda ya riga ya wuce shekara 18 ba a rubuta shi ba, sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, sa'an nan hukumar ta ba shi takardar shaida, kuma wannan da kuɗi a ke yi.

Amfanin abin ga lafiya shi ya fi damuna. Allurar rigakafi da kwanaki ta ke tafiya. Akwai ta ranar haihuwa, akwai ta mako 6, da ta mako 10, da ta mako 14, sa'an nan ta ƙyanda da ta shawara a wata 9. In uwa ba ta san ranar da ta haihu ba, ta yaya za ta san ranar komawa? Malamin asibiti ma, in za shi auna ko yaro yana girma daidai, ko tamowa ta fara kama shi, sai ya gwada nauyinsa da watanninsa. Haka kuma gwamnati da yawan jariran da aka rubuta a gunduma ta ke sanin yawan allurar da za ta aika. Ka tuna da mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen shekarar 2022, ya yi ɓarna a Jihar Kano cikin 2023 fiye da kowace jiha. Mafi yawan yaran da ya kama ba su sami allurarsu cikakkiya ba. Yaron da ba a rubuta ba, ba wanda zai zo cigiyarsa ranar allura.

TAKARDAR MUTUWA

Wannan ita ce mutanenmu suka fi sakaci da ita, kuma na san dalili. Addini ya hore mu da gaggauta jana'iza, mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ba wanda ya ce ka jinkirta binne ɗan'uwanka saboda takarda. Amma in an share makoki, kafin a yi sadakar bakwai, ka sanad da mai unguwa, ka ɗauki katin shaidar mamacin, ka je wurin malamin rajista. In a asibiti ya cika, kada ku baro asibitin sai likita ya ba ku takardar da ta faɗi ciwon da ya yi ajalinsa, domin da ita a ke zuwa wurin rajista.

Ga dalili na farko. In mamacin yana da ajiya a banki, ko ya yi aikin gwamnati yana da fansho, ba za a ba magada ko kwabo ba sai sun kawo shaidar mutuwa. Na sha ganin marayu suna kwana da yunwa alhali kuɗin ubansu yana kulle, don kawai ba a rubuta ranar da ya rasu ba.

Dalili na biyu na jama'a ne baki ɗaya. A watan Afrilu na shekarar 2020, gab da azumi, aka yi ta mace-mace a birnin Kano, yawanci dattawa. Kowa ya ga ana ta wucewa da makara, amma ba littafin da za a buɗe a ga mutum nawa ne, ko mene ne ya kashe su, domin yawancinsu a gida suka cika. Sai da ma'aikata suka bi maƙabartu suna tambayar masu haƙan kabari, suka bi gidaje suna tambayar iyalai yadda ciwon ya faro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979, kuma rabinsu ko fiye ana jin cutar korona ce. Wannan a birni ke nan, inda manyan asibitoci su ke. To, ina ga ƙauye? In amai da gudawa ya ɗauki yara uku a unguwarku cikin mako guda, aka rubuta, hukuma za ta aiko a duba rijiya tun bai ɗauki na huɗu ba. Haka nan macen da ta rasu wurin haihuwa, in an rubuta, shi ne zai nuna inda a ke bukatar ungozoma.

TAKARDAR AURE DA TA SAKI

Aure ya ɗauru da waliyyi da sadaki da shaidu, wannan ba mai ja. Takarda ba ta ƙara wa aure inganci, aikinta ta tsare shaidar da aka riga aka yi. Liman da ya ɗaura auren zai tsufa, waliyyi zai rasu, waɗanda suka ci goron za su watse, wani Legas, wani Kurmi. Bayan shekara ashirin, wa zai tuna ko an biya sadakin duka ko da saura? Kotunan shari'ar Musulunci na jiha su kan ba da takardar shaidar aure in ka je da shaidunka. Maƙwabcinka Kirista kuma yana da tasa hanya, a coci ko a ofishin rajistar aure.

Ka sani kuma, a watan Mayu na shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Ango da amarya za su je asibitin da gwamnati ta yarda da shi a gwada jininsu, a duba ƙanjamau da ciwon hanta da irin jinin da ke haifad da sikila. Takardar gwajin nan ka haɗa ta da ta aure ka ajiye wuri guda.

Saki kuwa shi ya fi bukatar rubutu, domin cikin fushi a kan yi shi, mai fushi kuwa ba ya riƙe kwanan wata. Ka duba wannan. Mutum ya saki matarsa saki ɗaya da baki, ta tafi gidansu, bayan 'yan makonni Allah ya yi masa rasuwa. In ya rasu tana cikin idda, matarsa ce, za ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, kuma tana da rabonta na gado, tumuni in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba. In kuwa iddar ta riga ta cika, ba ta da kome. Dangin miji za su ce da damina aka sake ta, ita ta ce da kaka ne. Alƙali da me zai raba gardamar nan? Haka kuma mace ta kan yi wani aure, ta haihu, sa'an nan tsohon miji ya taso ya ce shi bai sake ta ba. Saboda haka in abin ya kai ga rabuwa, a rubuta ranar, a rubuta ko saki nawa ne, shaidu biyu su sa hannu, a kai kotu a sami takarda mai hatimi, matar ta riƙe tata. Kai mai 'ya'ya mata, wannan kariyar 'yarka ce.

ABIN DA WAƊANSU SU KE CEWA

Wani zai ce, "Ai da ƙidaya a ke sa haraji." Gaskiya ne kakanninmu sun ɓoye 'ya'yansu daga malamin haraji, kuma suna da hujja. Amma harajin kai da jangali Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano tun shekarar 1979. Littafin haihuwa ba na masu karɓar kuɗi ba ne.

Wani zai ce, "Mu ba mu ƙirga 'ya'ya, kuma ina jin kunyar faɗin sunan ɗan farina." Kunya ado ce, ba na so ka yar da ita. Ka aiki ƙanenka ko kawun yaron ya faɗi sunan, kai ka tsaya daga waje.

Wani kuma zai ce, "Wannan al'adar Nasara ce." Ka tambayi limaminku. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sayyidina Umar kuwa shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen Musulmi don kowa ya sami rabonsa daga baitulmali. In an umurce mu da rubuta bashin kuɗi, ina ga haƙƙin maraya da na matar da aka saka?

Akwai kuma mai cewa ofis ya yi nisa, kuma in ka je sai a ce ka dawo gobe. Wannan kuka ne na gaskiya, ba na musunsa. Amma ka auna tafiyar yini guda yau da ta kwana tara da abokina ya yi. Ku haɗu, ku masu jarirai, ku roƙi dagaci ya nemi malamin rajista ya zo ranar kasuwa ko ranar rigakafi. In wani ya nemi kuɗi a kan rubuta sabon jariri, ka nemi rasiɗi, ka kuma gaya wa dagaci.

GA ABIN DA ZA KA YI

1. Ranar da aka haihu, ko aka yi rasuwa, ko aure, ko saki, ka rubuta kwanan watan a littafin gida, da boko ko da ajami. In ba ka iya ba, ɗan makaranta ya rubuta maka.

2. Ka kai maganar haihuwa da ta mutuwa wurin malamin rajista na Hukumar Ƙidaya, ta aure da ta saki kuwa wurin kotu.

3. Kafin ka baro ofis, ka sa a karanta maka takardar. In an kuskure suna ko rana, a gyara nan take. Sunan da aka rubuta ran nan shi za a riƙa rubutawa a makaranta da ko'ina, kada a sake shi.

4. Ka rubuta 'ya mace kamar yadda ka rubuta ɗa namiji.

5. Ka sa takardun a leda, ka sa a akwatin ƙarfe, nesa da gara da yoyon damina. In da hali ka ɗauki hotonsu a waya, ka kuma nuna wa uwargida inda su ke.

In ka gama karanta wannan, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba. Sa'an nan yau da dare, bayan an ci tuwo, ka kira iyalinka ka duba ko su wane ne ba su da takarda, ka fara da ƙaraminsu. Allah ya raya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.