Ƙananan Kalmomin Turanci Masu Manyan Illoli

'Yan'uwa malamai, akwai wani ɓangare na Turanci da yawancinmu muka tsallake a kwalejin ilimi, alhali shi ne ya cika takardun da ke zuwa mana daga ofishin sakataren ilimi da hukumar SUBEB. Ina nufin aikatau mai ɗan rakiya, wanda ƙaramar kalma ɗaya ke juya ma'anarsa gaba ɗaya.

Abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kalmar "ci" ɗaya ce, amma cin bashi daban, cin amana daban, cin jarrabawa daban. Haka Bature yake yi da nasa. "Turn up" halarta ce, "turn in" miƙa takarda, "turn down" kuwa ƙin amincewa. Malamin da ya nemi hutun ƙaro karatu, aka amsa masa da "turned down", in ya ɗauka an sauko da takardarsa ƙasa ne don a sa hannu, zai yi ta jiran gawon shanu.

Mu 'yan ƙungiya abin ya fi shafa. In sanarwa ta ce "called off", an soke taron ke nan. In ta ce "put off", an ɗage shi ne zuwa wani lokaci. Wanda ya rikita su zai rasa taron tantancewa, kuma mun san abin da rashin halartar tantancewa ke yi wa albashi. Akwai kuma waɗanda muka ƙera a gida: malama ta rubuta "put to bed" tana nufin ta haihu, alhali a Ingila ma'anarsa kwantar da yaro barci.

Wasu za su ce da wace fuska za a ɗora wa mai jiran ariyas sabon karatu? Hujjarsu na da ƙarfi. Sai dai wanda bai fahimci takardar da aka ba shi ba, ba zai iya kare haƙƙinsa da ita ba.

Shawarata biyu ce. A ware minti 15 a kowane taron reshe, a ɗauko takardar gaske, a warware irin waɗannan kalmomi, malaman Turanci su jagoranta. Sannan duk sanarwar da ta shafi albashi, ƙarin girma ko yajin aiki, shugabannin reshe su fitar da ita tare da fassarar Hausa. Babu kunya a cikin tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.