CIWON GWIWA: KADA KU SAYI WAHALA DA KUƊINKU

Jama'ar ƙasar Kafur, ku saurara. Da an gama girbin masara da tsinkar auduga, sai dattawa su shiga kukan gwiwa, wani ma a zaune yake salla. Akan ce sanyi ne ya shiga ƙashi. To, ba sanyi ba ne.

A mahaɗar ƙashi akwai guringuntsi mai santsi. Tsufa, da ƙiba, da yawan tsuguno, da ɗaukar buhu, su ke cinye shi. In ya zaizaye, sai gaɓar ta kumbura daga ciki, ta tara ruwa. Kumburin nan shi ke ƙara zugi.

Wasu suna cewa bitamin D yana warkar da wannan ciwo. Lalle bitamin D yana da amfani, gama yana ƙarfafa ƙashi da tsoka. Jiki da kansa yake yinsa in rana ta taɓa fata, ana kuma samunsa a gwaiduwar ƙwai, da hanta, da kifi mai maiƙo. Mai noma ba kasafai yake rasa shi ba. Matan kulle da tsofaffin da ba su fita su ne abin ji, sai su riƙa shan hantsi a tsakar gida.

Amma ba ya mayar da guringuntsi. Likitoci sun gwada a Amurka da Ostareliya, sakamakon na Amurka ya fito a 2013, na Ostareliya a 2016. Shekara biyu masu ciwon gwiwa suna shansa, sauƙinsu bai fi na waɗanda ba a ba su ba.

Abin tsoro shi ne ƙwayoyin kashe zugi da 'yan talla ke ƙullawa a leda ran kasuwa. Suna kwantar da kumburi, amma yawan shansu yana kawo gyambon ciki, ya lalata ƙoda. Kada kuma a yi wa gwiwa sakiya.

Ga shawararmu. Ku riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, gaɓar da ba a motsawa sai ta sandare. In kun zauna, ku miƙe ƙafa ku ɗaga sau goma. Mai ƙiba ya rage. A bar wa samari buhu, dattijo ya riƙe sanda. Magani kuwa, sai wanda ma'aikacin asibiti ya ba da.

In gwiwa ta kumbura farat ɗaya, da zafi da zazzaɓi, kada a kwana, a tafi asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. Lafiya uwar jiki.