Jirgin Ruwa A Tsakiyar Bolari

 A wannan mako zan ɗan ajiye maganar taki da farashin masara, in kai ku wani lungu a unguwar Bolari cikin garin Gombe, inda na ga abin da ban taɓa zaton gani ba a garin da ake sayen ruwa jarka-jarka daga hannun 'yan ga-ruwa. Jirgin ruwa ne sukutum, a ɗore bisa tsofaffin tayoyi ƙarƙashin wata darbejiya, a bakin garejin wani makanike wanda muka yi karatun allo tare. A hannun 'yan gwangwan ya saye shi, suna shirin fasa shi su auna ƙarfen. Kuɗin da ya tara don ya yi wa ɗakin uwargidansa sabon kwano, su ya zuba a ciki. Don haka kun ga maganar ta wuce wasa, ko da yake shi jirgin domin wasa aka ƙera shi.

Tsawonsa bai kai ƙafa 20 ba, ƙirar Amurka ce ta shekarun 1970, irin wanda ake jan mai wasan sulu a kan ruwa da shi. Watau mutum ya ɗaura allo biyu ko ɗaya a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi ya fizge shi yana zamiya bisa fuskar ruwa kamar an ja tabarma. Wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ne ya fara wannan wasa a cikin 1922, a tafkin Pepin na Jihar Minnesota, da waɗansu alluna biyu masu tsawon ƙafa 8. A cikin 1961 kuma kamfanin Correct Craft na Jihar Florida ya fito da jirgin da ya kira Ski Nautique, wanda aka yi jikinsa da faiba maimakon katako, domin wannan aiki kaɗai. Na abokina daga zuriyar waɗannan yake.

Abin da ya raba shi da jiragen da muka saba gani a Yawuri ko Numan shi ne wurin zaman inji. Namu ana rataya injin ne a gindi, in an dawo gaɓa a cire shi a saɓa a kafaɗa. Wannan kuwa injinsa yana zaune daram a tsakiyar ciki, injin Ford ne mai silinda takwas. Daga jikin giya wata sandar ƙarfe ta huda ƙasan jirgi ta fita, farfela tana bakinta, bayan farfela kuma ga ƙarfen da sitiyari ke juyawa. Hikimar ita ce nauyi ya daidaita, jirgi ya kwanta sosai, kada ya tayar da igiyar ruwa mai tudu da za ta kayar da wanda ake ja. Gwanayen wasan har gudun kilomita 58 cikin sa'a ake jansu.

Ran da na fara zuwa na tarar har ya sayo fenti, ja da fari. Na ce, "Maigida, ka duba ƙasansa kuwa?" Ya ce, "Haba Malam, faiba ce fa, ko gara ba ta cinta." Gaskiyarsa, gara ba ta cin faiba. Amma abin da masu ƙera jiragen wancan zamani suka yi shi ne, sun shimfiɗa dogayen katakai tun daga gaba har baya, suka lulluɓe su da faiba, sa'an nan suka ɗaure injin a kansu da manyan ƙusoshi masu zare. Su ne ƙashin bayan jirgin. Shekara da shekaru ruwa yana bin ramin ƙusa yana shiga, ba ya samun hanyar fita, sai katakon ya ruɓe a cikin rigarsa alhali daga waje sumul. Na roƙe shi ya sa sifana a ƙusa ɗaya. Ya murɗa, sai ta yi ta juyawa ba ta kama kome ba. Da yaronsa ya huda da na'ura, abin da ya fito baƙi ne jiƙe sharkaf, kamar dusar da ta kwana a ruwa. Sai ya yi shiru, ya sa aka mayar da fenti cikin shago.

A nan ne aikin gaske ya soma, kuma a nan ne na ƙara girmama masu sana'ar hannu na ƙasar nan. Sai da aka ɗaga inji da sarƙa, aka yanke daɓen jirgi, aka kwashe soson da aka cusa a ƙarƙashinsa don ya hana nutsewa, wanda ya sha ruwa har ya zama kaya. Kafin a taɓa katakan sai da aka tokare jikin jirgin ta kowane gefe, gama in an cire ƙashin baya ba tare da tokari ba, jiki zai karkace, kuma ba ya komawa. Ɗaya-ɗaya ake sauya su, ana barin ɗan'uwan ya riƙe siffa. Wani kafinta daga Tudun Wada ya ɗauki tsohon a matsayin ma'auni, ya feƙe sabo har ya zauna kamar a nan aka halicce shi. Ƙaron da ake jiƙa faiba da shi kuwa ba ya shiri da zafin Gombe, kafin ka gama shafawa ya daskare a cikin kwano, saboda haka da an sallame sallar asuba suke farawa. Ƙaiƙayin ƙurar faiba kuma, wanda ya taɓa shiga cikin ƙaiƙayin gero ya san kaɗan daga ciki.

Inda muka yi sa-in-sa da shi sosai shi ne wajen inji. Shi a ganinsa injin mota ne, kuma shekara talatin ke nan yana kwance irinsa yana ɗaurawa. Ya ce kik da kafireto da famfon mai duk zai samo na mota a kasuwa da araha. To, a nan ne gwaninta ke iya kashe gwani. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota, in mai ya ɗiga, ƙasa a buɗe take, iska ta kwashe. Jirgi kuwa ƙwarya ne, tururin sai ya taru a gindinsa yana jiran tartsatsi ɗaya. Don haka ne kik da janareton caji na jirgi a rufe suke ruf, aka kuma ɗora wa kafireto wata raga mai kashe harshen wuta, aka sa fanka wadda ake kunnawa kamar minti huɗu ta zuƙe tururi kafin a murɗa makulli. Har ila yau wannan inji ba shi da lagireto. Ruwan tafki yake zuƙa da wata 'yar farfelar roba, ya zaga da shi, ya fitar ta salansa. In aka tayar da shi a tudu ana ba shi wuta, yadda makanikanmu suka saba don su ji muryar inji, robar za ta ƙone nan take. Da ƙyar na shawo kansa ya aika Ikko a nemo masa na jirgi, ya kuwa yi ta mita a kan kuɗin har kwana uku.

Wani zai ce, to ina ruwan da za a sa shi? Akwai. Madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, wadda aka gama ginawa a cikin 1984, tana nan gabas da Gombe ta hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, kuma daga can ne ake turo wa birnin ruwan famfo. Sai dai mai irin wannan jirgi ya yi hattara da gaɓa mai tudu da kututturan da ruwa ya rufe, domin farfelarsa ba ta ɗaguwa sama kamar ta injin ratayawa. In ta daki abu, sanda ta lanƙwashe, aiki ya dawo ɗanye.

Abin da ya fi damuna dabam ne. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ciyar da silinda takwas don nishaɗi sai mai hali. Abokina ya san haka, shi ya sa ya fara lissafin cewa ranar kasuwa zai riƙa ɗaukar fasinja da buhuna, jirgi ya biya kuɗin kwanon uwargida. Na ce masa, "Maigida, wannan dokin sukuwa ne, ba jakin kaya ba." Bakinsa kusa yake da ruwa, mutum biyar ko shida aka yi shi dominsu. Ba mu manta da Bagwai ta Jihar Kano ba, inda a watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife da mutane a madatsar Watari, aka rasa rayuka 29, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Ba mu manta da Patigi ta Jihar Kwara ba, inda a watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kan hanyar dawowa daga biki. Lodi fiye da kima da rashin rigar hana nutsewa, su ake ta ambata duk lokacin da irin wannan ta auku. Allah Ya ji ƙansu. In neman kuɗi yake yi, ai ga matasa da baƙi masu zuwa shan iska bakin madatsar, ya zaga da su huɗu-huɗu, kowa da rigarsa, bayan ya nemi izinin hukuma.

Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Jiya da na bi ta wurin na tarar katako na biyu ya zauna, shi kuma yana kwance cikin jirgi da ɗan siririn ƙarfen awo, yana daidaita bakin giya da bakin sanda, gama in sun saɓa ko da kaurin takarda ne jirgi zai yi ta karkarwa. Yara sun kewaye shi suna tambaya yaushe za a je teku. Ya ɗago kai ya ce da ni, "Malam, in ruwa ya ɗauke, kai ne fasinjan farko." Na ce na ji, amma sai na ga riguna shida rataye a garejin nan tukuna. Ya ce ya riga ya yi cinikin biyu.