Salahuddin na Fim Daban, na Tarihi Daban

Ba na tare da masu tafa wa fim don kawai ya yabi Salahuddin. Kun ce Kingdom of Heaven, wanda Ridley Scott ya fitar a 2005, ya yi wa Musulmi adalci. Wane adalci? Ya mai da Balian maƙerin ƙauye daga Faransa, alhali basarake ne haifaffen yankin Ƙudus. Ya nuna an sallami mutanen birnin kyauta a 1187, alhali fansa aka yanka: namiji dinari 10, mace 5, dubban da suka kasa biya kuma aka bautar da su.

Namu ma bai tsira ba. A fim ɗin Yusuf Shahin na Masar, na 1963, an ɗinka wa Salahuddin, Bakurde, rigar Jamal Abdunnasir, ya koma mai kiran haɗin kan Larabawa.

Kowane darakta faɗan zamaninsa yake yi da takobin matattu. Ƙarya in ta zage mu sai mu yi ihu, in ta yabe mu sai mu kira ta tarihi. Sarkin da ya ƙi rama kisan gillar 1099 ba ya buƙatar kwalliya. Ku karanta Ibn Shaddad, alƙalin rundunarsa, sannan ku zo mu yi gardama.