Wasiƙa Zuwa ga Masu Ƙera Wasannin Tara-da-Jira

Ƙannena da 'ya'yana a wannan sana'a,

Zan fara da abin da kuka iya. Hannunku ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Zanenku yana ɗaukar ido, sarar gatari a wasanninku tana da daɗi a kunne, kuma kun san yadda za ku sa wasa ya gudana a ƙaramar waya mai arha ba tare da ta ɗauki zafi ba. Mu da muka taso a zamanin baƙin rubutu kan farin shafi ba mu yi mafarkin haka ba. Allah ya ƙara basira. Sai dai ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kwanan baya na sauke wani wasa na saran itace da haƙar ma'adinai. Ba zan faɗi sunansa ba, domin irinsa sun fi a ƙirga. A shafin tallarsa an rubuta cewa wasa ne na hutu da kwantar da hankali. Daren farko, can tsakar dare, wayata ta yi ƙara a gefen matashi: wai rumbuna ya cika, ma'aikatana sun zauna ba aikin yi, in zo maza. Da gari ya waye na buɗe, sai na tarar ashe tun bayan awa biyu da ajiye wayar aka daina lissafa mini komai. Ɗan abin da aka tara ma ba a miƙo mini shi kai tsaye ba. Wani ƙaton madanni kore ne ya cika allon, yana cewa in kalli talla a ninka mini sau biyu. Madannin da ke cewa in karɓi abina haka nan kuwa an maƙale shi can ƙasa, ƙanƙani, launin toka, sai na matso da wayar kusa da ido kafin na gan shi.

Wane ne ya koya muku wannan? Da gaske nake tambaya, domin ba a hannun magabatan sana'ar kuka ɗauko shi ba.

Alkawarin irin wannan wasa guda ɗaya ne tak: ka shirya abinka, ka tafi harkarka, ka dawo ka tarar ya ƙaru. Kamar wanda ya kai akuya kiwo ƙauye wajen ɗan'uwa ne, ya manta da ita, sai bayan shekara ya je ziyara a nuna masa ita da 'ya'ya biyu a bayanta. Duk daɗin yana cikin mantuwar. To ku ɗauka ɗan'uwan nan kullum yana ƙofar gidanka yana bugawa, yana cewa in ba ka zo ka leƙa ta yau ba zai daina ba ta ciyawa. Kiwo ke nan ko wahala? Abin da kuka mayar da mai wasa ke nan. Kun ɗauki nau'in wasa ɗaya tilo da ya yarda mutum ya tafi masallaci, ya tafi kasuwa, ya yi barcinsa, kun mayar da rashin kasancewarsa laifin da ake yanke masa tara a kai.

Ku duba yadda na gabanku suka yi. A shekarar 2013 wani Bafaranshe, Julien Thiennot, wanda aka fi sani da Orteil, ya saki Cookie Clicker a burauza, kyauta. Biskit ɗaya ne a allo kana dannawa, daga baya ka ɗauki tsofaffin mata su riƙa toya maka. Lissafin da ke ƙarƙashinsa ba ɓoyayye ba ne: duk abin da ka saya, na gaba irinsa yana ƙara tsada da kashi 15 cikin ɗari. Tsohuwar farko biskit 100, ta biyu 115, kuma kusan duk bayan saye biyar farashin ya ninka. Wannan hauhawar dole ta kai mai wasa ga katanga, inda ci gaba zai yi nauyi. Kowane maƙerin irin wannan wasa ya san katangar, shi ne ma yake zaɓar inda zai gina ta. Bambancin shi ne abin da mutum zai tarar a gindinta. Orteil ya ajiye sabon abu a wurin: gona, masana'anta, sannan damar ka rushe komai ka sake farawa da ƙarfin da ya fi na da. Ku kuma kuna ajiye kanti. Kuna gina katangar da gangan a daidai inda haƙurin mutum ya fara ƙarewa, sannan ku tsaya a gefe kuna sayar da tsani.

A waccan shekarar dai Michael Townsend ya fitar da A Dark Room. Har yau in na tuna farkonsa sai jikina ya yi sanyi. Babu hoto ko ɗaya. Ɗaki ne mai duhu da sanyi, da madanni guda na hura wuta. Ka hura, ka jira. Wata baƙuwa ta faɗo ciki tana rawar ɗari. Itacen ya ƙare, sai ka fita daji ka samo. Daga nan tarko, daga nan bukka, mutane su fara zuwa, ƙauye ya kafu, kuma sai can da nisa za ka fara zargin wane ne kai a cikin labarin da abin da kake yi wa mutanen nan. Wasan bai taɓa kiranka ba. Kai ne kake komawa, don kana son sanin abin da ke gaba. Kai, zamani ya wuce! A lokacin mutum ɗaya ne a ɗakinsa yake ƙera abu don ya ba wani baƙo mamaki. Yanzu kuwa ana zaman taro ne a kan jadawalin da ke nuna mutum nawa suka dawo a rana ta bakwai.

Wannan ya kawo ni ga aibu na biyu, wanda ɗan'uwan na farko ne. Itacenku ba itace ba ne. Kuna da itace, dutse, ƙarfe, zinariya, lu'ulu'u, amma in an cire hotunan duk lamba ɗaya ce mai hawa sama. Babu wanda yake ruɓewa, babu wanda yake yankewa, babu wanda samunsa ke hana ka samun wani. A Kittens Game na shekarar 2014, abincin kyanwoyin wani ganye ne da ake nomawa, kuma idan hunturu ya shigo amfanin gonar yakan faɗi da kashi 75 cikin ɗari. Wanda ya kwashe manomansa duka ya tura saran itace, bai cika rumbu ba, zai ga kyanwoyinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ya san ganyen nan abinci ne. Kada ku ce mini wannan ya saɓa wa hutu. Natsuwar da mutum ke ji idan ya yi tanadi, sanyi ya zo ya wuce bai rasa kowa ba, ta fi ta kallon lambar da ba ta taɓa sauka ba. Kuma ku lura da kyau: a can an hukunta rashin tunani ne, abin da mai wasa zai iya gyarawa da basirarsa. Ku kuna hukunta barci.

Haka nan ba ku yarda wasa ya ƙare. Frank Lantz ya yi Universal Paperclips a 2017, inda kake zama na'ura mai ƙera 'yan ƙarafunan maƙale takarda. Ka fara da 'yar wayar ƙarfe kaɗan, ka ƙare da cinye duk abin da ke sararin samaniya, daga nan kuma babu sauran abin tarawa. Ya sallami mai wasa cikin mutunci. Mutane sun gama shi cikin 'yan awanni, ga shi har yau ana maganarsa. Naku kuwa idan lambobi suka fi ƙarfin suna sai ku koma lakaba musu haruffa, aa, ab, ac, ba iyaka, don kada wani ya taɓa jin ya isa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gargaɗe ku tun da wuri. Ian Bogost ya ƙera Cow Clicker a Facebook a 2010 don ya tona asirin wannan dabara: saniya ce kake danna ta sau ɗaya duk awa shida, in kana gaggawa ka biya kuɗi a rage maka jira. Ya yi ne don a gani a ji kunya. Mutane suka rungume ta da gaske, har a 2011 ya kwashe shanun gaba ɗaya, amma wasu suka ci gaba da danna filin da babu komai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ku sai kuka ɗauki gargaɗin a matsayin darasin kasuwanci. Mu a nan Arewa mun ga inda hanyar take kaiwa. A 2024, bayan da kuɗin kirifto na Notcoin ya fashe wasu suka samu, sai gari ya ɗauka. A majalisa, a cikin Keke Napep, a layin cajin waya, yaro da babba kowa yatsa na kan allo yana danna wasan Hamster Kombat, ana sa ƙararrawa don kada a rasa ladan ranar. Da aka yi rabo a watan Satumba, da yawa abin da ya shigo musu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Na san za ku ce wancan harkar kirifto ce, ku wasa kuke yi. Injin ɗaya ne, 'ya'yana. Tsoron asara in ka ɗauke ido, shi ne man da ke tafiyar da su duka biyun.

Ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi. Na san akwai haya, akwai albashin ma'aikata, kuma ba wanda ya ce ku yi aikin banza. Amma hanyar cin abinci ba ɗaya ba ce. Kamfanin Playsaurus, masu Clicker Heroes, sun sanar a 2017 cewa kashi na biyu na wasan za a saye shi ne sau ɗaya, ba za a riƙa sayar da komai a ciki ba, kuma suka faɗi dalili a fili: ba sa son cin kuɗin mutanen da wasan ya zame musu jaraba. Cookie Clicker ma da ya hau Steam a 2021 farashi ɗaya aka sa masa, na burauza kuma yana nan kyauta. Ba na ce kowa zai yi arziki ta haka ba. Na ce dai ana iya yi, kuma an yi.

Ku tuna kuma wanda ke riƙe da wayar. Mai yiwuwa ɗalibi ne da ya sayi datar kwana ɗaya, kowace tallar bidiyo kuma daga cikinta ake cira. Mai yiwuwa an kwana biyu ba a kawo musu wuta ba, wayar tana shagon mai caji, ya dawo ya tarar kun share masa jerin kwanakin da ya yi wata yana haɗawa. Bai yi muku laifin komai ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku bar lissafi ya ci gaba da tafiya aƙalla tsawon barcin dare da yinin aiki. In rumbu zai cika, to ya zama mai wasa yana iya faɗaɗa shi da itacen da ya sara a cikin wasan, ba da katin banki ba. Ku bar sanarwa a kashe har sai shi da kansa ya nema. Madannin “a'a” ya yi girma ɗaya da na “e”. Kafin kuma ku zana itacen farko, ku zauna ku yanke shawarar inda wasan zai ƙare da abin da mutum zai tarar a can. Duk wanda ya gwada haka a cikinku ya aiko mini, zan buga shi har ƙarshe, in kuma faɗa wa mutane.

Ku gaishe da iyalanku da abokan aiki.

Wassalam,
Naku, wani tsoho a sana'ar.